Manja ba maganin kananzir ba ne

Jama'a, yau ba maganar tsaro zan yi ba, maganar mussa ce, wato kyanwa. Kar ku yi dariya tukuna.

Duk mai rumbu ko buhunan gero a ɗaki, daga Kaura Namoda har Shinkafi da Zurmi, ya san mussa ma'aikaciya ce, ɓera ne albashinta. To amma tun da gwamnatin jiha ta hana sayar da mai a jarka a 2021, aka kuma cire tallafi a 2023, mun koyi ɓoye ɗan abin da muka samu a gida: fetur, kananzir, baƙin man janareta, duk a gorar ruwa da kwalbar lemo.

Mussa ba ta cika shan kananzir da gangan ba. Zuba yake yi a jikinta, ta lashe gashinta, ya wuce ciki. Haka ta faru da ta maƙwabcina. Aka danne ta aka ɗura mata manja wai ta yi amai. Kwana biyu tana haki, ta mutu.

Haɗarin kananzir a huhu yake, ba a ciki kawai ba. Tsinkakke ne, da an yi amai ko ɗure sai ya bi maƙogwaro ya ƙone huhu. Saboda haka ba ɗure, ba tilasta amai. A wanke jikinta da sabulu da ruwan ɗumi, a tsane ta, a ajiye ta inda iska ke shiga, nesa da wuta. A kira likitan dabbobi. In hanya ba ta biyuwa, a tura masa bidiyo ta waya. Kar a ba ta farasitamol, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Kar kuma a shafa mata baƙin mai don ƙaiƙayi, lashe shi za ta yi. In ɗan man gyaɗa ne ta lasa, galibi ba ya wuce zawo.

Abin da ya fi damuna shi ne, gorar da mussa ta tunkuɗe ita ce yaro mai rarrafe zai ɗauka ya kafa kai, kuma manjan nan dai za a ɗura masa. Wallahi shi ma asibiti ne maganinsa, nan take.

Don Allah a rufe mai da kyau, a ɗora shi sama. Allah ya kiyaye mana.