Kabad Ɗin da Aka Auna da Tsayin Uwargida

Shekarar da muka tare a gidanmu na kanmu a Kaduna, bayan dogon zaman haya, kuɗi sun ƙare tun kafin aiki ya iso kicin. Sai na shiga wani shago na sayo haɗaɗɗen kabad mai ƙyalli, irin wanda ake gani a jeren amare, na ɗauka na huta. Uwargida ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Malam, ina zan sa buhun shinkafa?"

Na rasa amsa. Wanda ya zana kabad ɗin faranti da gwangwani ya sani. Bai san buhu mai kilo 50 ba, balle jarkar manja mai lita 25, ko turmi da taɓarya, ko ƙatuwar tukunyar da ba a sauko da ita sai ranar suna. Duk suka koma ƙasa bayan ƙofa, inda ɓera ya fi so. Damina biyu kacal kabad ɗin ya gani. Allon MDF garin katako ne da aka matse da gam. Idan ya sha ruwa sai ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi, kuma ba ya komawa. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya ruɓe, ƙofofi suka saki, kyankyasai suka yi gida.

Da na kira wani dattijon kafinta daga Kasuwar Fanteka, abin da ya fara yi ya ba ni haushi. Bai taɓa bango ba, sai ya zauna yana tambayar uwargida. Mutum nawa take dafa wa? A tsaye take tuƙa tuwo ko a zaune? Da wane hannu take ɗaukar ludayi? Na ce a raina, wannan ɓata lokaci ne. Daga nan ya auna ta, ya ce, "Hajiya, inci 36 da aka saba yi ya yi miki tsawo." Ya rage. Sai a ranar na fahimci ciwon kafaɗar da ta daɗe tana kuka da shi ina cewa gajiya ce.

Kuɗin da ya yanka ya kusa ninka na wancan sau uku, na yi ciniki har na ji kunya. Ya ce busasshen maɗaci zai yi aiki da shi, domin ɗanyen katako hunturu ɗaya ya ishe shi ya tsage. Ya ɗaga gindin kabad ɗin daga ƙasa saboda ruwan goge-goge da gara, ya yi wa buhu wuri mai faɗi, ya ƙi rufe tukunyar gas a inda iska ba ta shiga, duk da na so a ɓoye ta don kyau.

Mu maza mukan zuba dukiya a falo, inda baƙo zai zauna rabin sa'a, mu tsuke hannu a ɗakin da mace ke wuni a ciki. Ban ce ɗan haya ya yi wannan aikin ba; abin da aka kafa a bangon wani, na mai bango ne. Amma mai gidan kansa da ya sayi arha irin tawa, sau biyu zai biya, kamar yadda na biya.

Bana 'yarmu za ta yi aure. Dangi sun matsa a sayo mai ƙyalli don idon 'yan ganin jere. Uwarta kuwa tuni ta tura kafintan ya je ya ga kicin ɗin, ta ce ya tafi da yarinyar.