Daren da Muka Ci Abinci a Kan Kogin Nilu

Mu shida ne, maza huɗu da mata biyu, dukkanmu ɗaliban jami'a da muka je Alƙahira a lokacin dogon hutu domin wani gajeren kwas na Larabci. Saura kwana uku mu dawo gida muka zauna muka ƙirga abin da ya rage a aljihunmu, bayan mun ware kuɗin tsaraba da na motar zuwa filin jirgi. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma muka yi shawarar mu haɗa shi mu ci abincin dare a jirgin ruwa a kan Kogin Nilu. Damar sau ɗaya ce, in muka yi zaɓen tumun dare, babu kuɗin sakewa.

Tun a sakandare muka haddace cewa tsawon Nilu ya kai kusan kilomita 6,650, kuma a Khartum ne Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa. Abin da littafi bai koya mana ba shi ne yadda ake zaɓen jirgi. A bakin titin Kornish, wanda ya bi gefen kogin, mun ga iri uku. Akwai faluka, kwalekwale mai filafilai da iska ke turawa, ana ɗaukar hayarsa na awa ɗaya, kuma sai ka zo da abincinka. Akwai ƙananan jirage masu inji, cike da fitilu kala-kala da kiɗa mai kashe kunne. Sai kuma manyan jirage masu bene, waɗanda ake cin abinci a cikinsu ana kallon wasa.

Kuskurenmu na farko gaggawa ce. Wani dillali ya tare mu da hotuna a wayarsa, ya faɗi farashi mai sauƙi, muka ba shi kafin alƙalami ba tare da rasit ba. Da yamma muka je wurin da ya kwatanta, sai muka tarar da jirgin ɗaure yake da gaɓa, gidan abinci ne kawai a kan ruwa, ba ya zuwa ko'ina. Dillalin kuwa ko ƙurarsa ba mu sake gani ba.

A daren muka kira yayan ɗaya daga cikinmu, wanda ya yi shekaru yana karatu a Jami'ar Azhar. Da ya gama yi mana dariya sai ya ce, "Ku da kuka zo koyon Larabci, me ya hana ku yin tambaya da shi?" Ya sa muka rubuta tambayoyi biyar: Jirgin yana tafiya ko a tsaye yake? Ƙarfe nawa yake tashi, kuma awa nawa zai yi? Kuɗin ya haɗa da abin sha da haraji da ladan hidima? Wane irin wasa ake yi a ciki? Ina rigunan kariya daga nutsewa?

Tambayoyi biyun ƙarshe su suka tayar da gardama. Yawancin manyan jiragen suna nuna rawa iri biyu: rawar tannura ta maza, da wata rawar mata wadda shigarta ba ta dace da tarbiyyarmu ba. 'Yan uwanmu mata suka ce ba za su biya kuɗinsu su zauna suna sunkuyar da kai ba. Abokinmu ɗan Yawuri, wanda ya tashi a bakin Kogin Kwara, ya ce shi ba zai taka jirgin da bai ga rigar kariya da idonsa ba, domin ya san abin da lodi fiye da kima da tafiyar dare suke jawowa a ruwa. Uku daga cikinmu ba su iya iyo ba, don haka babu wanda ya yi masa musu.

Washegari muka zaga ofisoshi uku da ƙafarmu, Yaya yana gaba. Na farko ya fi ƙarfin aljihunmu. Na biyu ya ce abin sha daban ake biya, kuma da muka tambayi rigunan kariya sai ma'aikacin ya hau kame-kame. A na uku aka shigar da mu jirgin da rana, aka buɗe mana akwatin rigunan, aka nuna mana benen sama wanda babu rufi, inda mai son iska zai zauna ba ruwansa da zauren wasa. Aka rubuta mana jimillar kuɗin a rasit. Ya ɗara na biyun tsada kaɗan, amma shi muka zaɓa, muka haƙura da wani ɓangare na tsaraba.

Mun yi sallar Magariba a wani masallaci kusa da mashigar, sannan muka shiga. Da jirgin ya tashi, birnin da muka sani da hayaƙi da hon ɗin motoci ya koma wani abu daban. Ga Hasumiyar Alƙahira a tsibirin Jazira, mai tsawon mita 187, wadda aka kammala a 1961, tana haske. Ga gadar Ƙasrun Nil mai gumakan zakuna, matasa sun cika ta suna shan iska. Muka nufi kudu, wato muna hawan ruwa, domin Nilu daga kudu yake gangarowa zuwa arewa. Yaya ya ce iskar Masar kuma yawanci daga arewa take busowa, shi ya sa tun zamanin Fir'auna masu jirgi suke tafiya kudu da iska, su dawo arewa da ruwa.

A ƙarshen tsibirin Rauda ya nuna mana wani ƙaramin gini mai tsinin rufi, ma'aunin Nilu da aka gina a shekarar 861. Rijiya ce mai ginshiƙi a tsakiya, da ita ake auna cikar kogi kowace shekara. In ruwa ya kai kamu 16, an san za a yi amfanin gona mai kyau, kuma da wannan awon ake yanke haraji. Madatsar ruwa ta Aswan, wadda aka kammala a 1970, ita ta kawo ƙarshen wannan ambaliya.

Abinci kuwa an jera shi ne kowa ya ɗebi son ransa: shinkafa, gasasshen kifi, kofta, gurasa, da Ummu Ali mai madara da zaƙi. Mun yi dariya da muka gane mulukiyya miyar lalo ce, karkade kuma zoɓo ne. Da aka sanar da tannura muka sauko. Mutumin ya yi ta juyawa ba tsayawa, faffaɗan buje mai launuka yana tashi kamar faifai, har wasunmu suka fara jin jiri a madadinsa. Da ya gama muka koma sama abinmu.

Bayan awa biyu jirgin ya dawo da mu inda ya ɗauke mu, ba a ƙara mana ko fam ɗaya ba. Ƙannenmu, duk wanda Allah Ya kai shi Alƙahira ko wani birni mai kogi, ya je ya ga jirgin da rana, ya yi tambayoyin nan biyar, kuma kada ya saki kuɗinsa sai an ba shi rasit.