Fitilun Bangon Mahaifina: Na Ingila Ne Ko Na Italiya?

A cikin 'yan kayan da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana a gidanmu na Agege, akwai waɗansu fitilun bango guda biyu da babu wanda ya kula su a ranar rabon gado. Kowace tana da faifan ƙarfe da ake kafewa a jikin bango, da siririn hannu na tagulla mai lanƙwasa, da hula mai siffar mazurari wadda aka huda ƙananan kafofi a gefenta. Fenti ya rufe su hawa-hawa, domin duk lokacin da aka shafi ɗakin sai a haɗa da su. Ni na karɓe su, ba don komai ba sai don a ƙarƙashin haskensu na koyi baƙi da wasali.

Mahaifina ya yi aikin kuku a gidan wani Bature injiniyan Reluwe a Ibute Meta. Labarin da ya sha ba mu shi ne, Baturen ya sayo fitilun da kuɗinsa a kanti a Ikko, a shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Nijeriya, wato 1956, kuma da zai koma gida ya kwance su ya ba shi kyauta. Kullum yakan rufe zancen da cewa, "Aikin Ingila ne." Mu kuwa mukan saurara kamar yadda yara ke sauraron tatsuniya.

Ana nan sai wani dillalin tsofaffin kaya ya zo unguwarmu, yayana ya kawo shi ya gani. Ya jujjuya su, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, waɗannan aikin Italiya ne, na kamfanin Stilnovo. Ina da mai saye." Ya ambaci kuɗin da ya fi albashina na wata uku. Amma ya kafa sharaɗi guda: sai in rubuta takarda in sa hannu cewa daga gidan wani ɗan kwangila mutumin Italiya aka samo su. Yayana, wanda hidimar aurar da 'ya ta taso masa, ya dube ni ya ce, "Kai dai rubuta mana. Baba kuku ne, ina ya san ƙasar da aka ƙera fitila?"

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Na ce, "Yaya, ka ba ni mako biyu." Ga buƙatar ɗan'uwa, ga kuma maganar uba wanda ba ya nan balle ya kare kansa. Idan dillali ne ke da gaskiya, sai mu sayar da zuciya ɗaya. Idan kuwa mahaifinmu ne, to, takardar da ake so in rubuta shaidar zur ce.

Da na bincika sai na fahimci abin da ya sa sunan yake da tsada. Wani mutum mai suna Bruno Gatta ne ya kafa Stilnovo a birnin Milan a 1946, kuma masu tara kayan ado na shekarun 1950 suna rububin aikinsa, kamar yadda suke yi wa na Arteluce, wanda Gino Sarfatti ya kafa a 1939, da na Louis Poulsen na ƙasar Denmak. To, amma hula mai siffar mazurari da hannun tagulla yayi ne da ya game Turai a wancan zamani. Masana'antu da yawa a Ingila da Faransa da Jamus sun ƙera irinsa. Saboda haka siffa kaɗai ba ta zama hujja, don kama da wane ba ta wane.

Da tsohuwar zuma ake magani. Na ɗauki fitilun na kai wa wani dattijo mai gyaran lantarki, wanda ya fara aiki tun zamanin hukumar ECN, kafin a haɗe ta da Hukumar Madatsun Ruwan Neja a kafa NEPA a 1972. Na ce, "Baba, ina so ka gaya mini ƙasar da aka yi waɗannan." Ya ce, "Ɗana, fuska ba a tambayarta, kowa yana iya yi mata kwalliya. Juyo mini bayanta."

Abu na farko da ya nuna mini shi ne mazaunin ƙwai. Namu irin wanda ake danna ƙwai mai haƙora biyu a ɗan murɗa ya maƙale ne. Wannan shi ne tsarin Ingila da ƙasashen da ta mallaka. Mutanen Italiya da Jamus kuwa ƙwai mai barima suke amfani da shi, wanda ake ta murɗawa kamar murfin kwalba. Na fara murna, sai ya ce in dakata, domin mazauni abu ne da kowane mai gyara yake iya canzawa. Shaida ɗaya ba ta yanke hukunci.

Na biyu, ya kwance wata 'yar kusa mai barima daga faifan, ya ɗauko noti irin na ma'aunin milimita ya gwada. Ya shiga kaɗan ya cije. Ya buɗe wata tsohuwar gwangwani ya zaro wani noti, shi kuwa ya zauna daram. Ya ce wannan barima ita ake kira BA, wadda masana'antun kayan lantarki na Ingila suka daɗe suna aiki da ita, kuma sai a 1965 ƙasar ta shelanta aniyar komawa ma'aunin mita. Maƙerin Milan ba shi da dalilin yanka barima irin ta Ingila a jikin ƙarfensa. Wannan shaida ta fi ta farko ƙarfi, domin tana cikin jikin fitilar ne, ba a saƙale take ba.

Na uku, waya. Da ya zaro ta daga cikin hannun tagullar, sai ga ta da rigar roba da ta bushe tana marmashewa kamar ƙanzo, ɗaya ja ɗaya baƙa. Ja da baƙi su ne tsofaffin launukan Ingila, kafin wajen 1970 a koma ruwan ƙasa da shuɗi a irin wannan waya. Babu kuma waya ta uku mai kai wuta ƙasa idan an sami matsala, wadda ƙa'idar aikin lantarki ta Ingila ba ta wajabta ta a layin fitilu ba sai a 1966. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Allah ne ya tsare ku. Wannan ko yau tana iya kama mutum."

A jikin makunnin fitila ɗaya na hango suna, Crabtree, na ce shi ke nan mun gano mai ita. Baba ya yi dariya ya ce, "In ka ga sunan mai maɓalli a riga, shi ne telan?" Crabtree kamfani ne da aka kafa a garin Walsall a 1919, sana'arsa makunnai da makamantansu. Ya nuna mini cewa ɗaya fitilar makunninta dabam ne, wato wani mai gyara ne ya sa wannan daga baya. Wannan tarko ne da masu neman asalin tsohon kaya suka sha faɗawa.

Daga nan muka shiga kankare fentin bayan faifan a hankali, ba da wuƙa ba, da tsumma da ɗan man cire fenti, don kada mu goge abin da muke nema. Hawa huɗu muka cire. A ƙarƙashinsu sai ga haruffa uku a buge cikin ƙarfe, G.E.C., da rubutun Turanci mai cewa an yi a Ingila, da kuma wata lamba mai adadi shida da ta fara da 87.

Haruffan nan na General Electric Company ne na Ingila, wanda ya samo asali a Landan a 1886, ya kuma sauya suna zuwa Marconi a 1999. Ba shi ne takwaransa na Amurka ba, ko da yake sunan yakan rikita mutane. Lambar kuwa ta rajistar zane ce. Tun 1884 Ingila take ba kowane zanen kaya da aka yi wa rajista lamba bi da bi, littattafan kuma suna ajiye a gidan adana tarihi na ƙasar da ke Kew. Lambobin sun kai wajen 860,000 a 1950, suka kai wajen 895,000 a 1960. Waɗanda suka fara da 87 sun faɗo tsakanin 1953 da 1956. Sai dai mai karatu ya lura, lambar tana nuna shekarar da aka yi wa zanen rajista ne, ba ranar da aka ƙera kayan ba, don ana iya ci gaba da ƙera abu shekaru bayan haka. Duk da haka, zanen da aka yi wa rajista a wannan tsakani ya dace ƙwarai da fitilar da aka saya sabuwa a Ikko a 1956.

Na zauna a kan bencin dattijon na daɗe ban ce uffan ba. Ashe kukun da ba ya karanta Turanci bai ƙara ko harafi ɗaya a kan abin da ya sani ba. Mu da muka yi boko ne muka kusa sayar da maganarsa.

Da dillali ya dawo na nuna masa tambarin. Bai yi musu ba, sai ya ce ai da na bar fentin yadda yake. A nan na gane cewa ba kuskure ya yi ba. Ya rage farashin ya koma abin da bai taka kara ya karya ba, na ce Allah ya kawo kasuwa. Yayana ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska. Na kai masa gudummawar biki gwargwadon ƙarfina, wadda ba ta kai rabin abin da ya sa rai ba, ban kuwa ɓoye wa kaina cewa gaskiyar nan shi ta fi ci wa kuɗi ba.

Ga wanda ya gaji irin wannan kaya, shawarata ita ce kada ya jefar, kada kuma ya yi saurin kankarewa da ƙarfe. Ya duba baya kafin gaba, ya tara shaidu uku ko huɗu kafin ya yarda da suna, kuma kada ya haɗa tsohuwar fitila da wuta sai gwani ya sake mata waya.

Baba ya sa wa namu sabuwar waya har da ta ƙasa. Ɗaya tana ɗakina. Ɗayar kuwa ran nan yayana ya aiko ɗansa ya ce, in ba zan ji komai ba, yana so a kafa masa ita a zaure. Na naɗe ta a tsumma na ba yaron, na ce in sun kafa, ya tambayi babansa labarin shekarar da Sarauniya ta zo.