Gida, Tukunya da Mutum

A ƙidayar jama'a ta 2021, wadda ita ce ta farko da Ghana ta gudanar da na'urar hannu maimakon takarda, wata matashiya 'yar Maamobi ta samu aikin ƙirga wani yanki na Nima a birnin Accra. Ta shiga wani babban gida mai ɗakuna jere kewaye da tsakar gida, ta gaishe da maigidan, ta tambaye shi iyali nawa ne a ciki.

"Ɗaya ne, 'yata," in ji tsohon. "Duk wanda ya kwana a nan nawa ne."

A Hausance bai yi kuskure ba, domin kalmar gida takan ɗauki gini da zuriya da baƙo a lokaci guda. Ita kuwa na'ura ba ta san wannan yalwa ba. Abin da ake cikewa a fom yakan isa gare ta a jere, suna bayan suna, shekaru bayan shekaru, kamar hatsin da aka zube a tabarma. Kafin ya yi amfani sai an mayar da kowace amsa mazauninta: mutum cikin iyali, iyali cikin gini, gini cikin unguwa, tamkar ƙananan ƙorai cikin masaki. Lambar da ke tare da kowane gurbi ita ke nuna inda amsa za ta faɗa. In lambar ta kauce, sai jikan wani ya koma ɗan maƙwabci, ko a ƙirga shi sau biyu, ko ya ɓace. Da irin wannan lissafi ne kuma hukuma ke tsara azuzuwa da asibiti da ruwan famfo.

Sai ta sake tambayar: "Baba, tukunya nawa ake ɗorawa a gidan nan?"

Tsohon ya yi shiru yana lanƙwasa yatsu. Shida ne. Ya ambaci tasa, da ta ƙaninsa, da ta 'yan haya, har da ta wata tsohuwa mai sayar da koko wadda ke riƙon maraya.

Ma'aunin masu ƙidaya ke nan: waɗanda ke zaune tare suna cin tukunya ɗaya. Ta rubuta iyalai shida a gini ɗaya, marayan kuma ya shiga ƙarƙashin sunan tsohuwar da ke ciyar da shi.