Daga Bakin Shari Zuwa Bahar Maliya

Mu mutanen Injamena ruwan da muka sani shi ne Shari. In ka tsaya a bakinsa kana hango Kuseri, da rani kuwa yashi ke cinye rabinsa. Teku ta yi mana nisa, don kafin mutum ya kai Duwala sai ya share sama da kilomita 1,500. Amma in aka bi diddigi, neman teku ne ya ajiye da yawanmu a nan. Kakanninmu sun taso daga Kano da Katsina da Damagaram da niyyar hajji, suka yada zango a garin nan tun ana kiransa Fort-Lamy, wai su ɗan yi sana'a su ƙara guzuri. Wasu suka ci gaba ta Ati da Abeshe da Adre, suka faɗa Sudan ta Junaina, har Allah Ya kai su Sawakin suka hau jirgin Jidda. Wasu kuwa zangon ya zame musu gida, mu ne jikokinsu.

Waccan hanya ta gabas ba ta biyuwa tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023. Allah Ya kawo musu zaman lafiya. Amma tekun tana nan, kuma wata ƙofa ta buɗe. Tun 2021 manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido suka fara ɗaukar fasinja daga Jidda, a watan Disamban 2024 kuma Saudiyya ta fito da nata mai suna Aroya. Mu shida muka gwada irin wannan tafiya cikin hunturu bayan mun gama Umra: daga Jidda zuwa Akaba ta ƙasar Jodan, sannan Sharm el-Sheikh ta Masar, mu komo Jidda. Tun da muka dawo ake tare mu da tambaya a ƙofar masallaci da cikin babbar kasuwa, shi ya sa muka ga gara mu rubuta, kowa ya samu.

Abin da za mu fara faɗa, kuma shi za mu yi ta nanatawa, jirgin ruwa ba motar tasha ba ce. Mun saba da direban da zai ce ƙarfe bakwai, ƙarfe tara ta yi yana shan shayi, in ma ka makara yaron mota ya bi ka har gida. Can ba haka ba ne. Jirgin da ya ɗauki mutum dubbai, aka yanka masa lokacin shiga tasha da na fita, ba ya tsayawa don alhaji guda.

Tun a Injamena aikin ke farawa, wato wajen takardu. Ka duba fasfonka, ya zama da sauran aƙalla wata 6. Ka ɗauki katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawar nan, don Cadi na cikin ƙasashen da Saudiyya da Masar ke neman wannan kati daga mutanensu. Sai babbar magana, biza. In jirgi ya bar Jidda ya nufi wata ƙasa, to ka fita daga Saudiyya ke nan, dawowa kuma sabuwar shiga ce. Wanda bizarsa ta shiga ɗaya ce, ya cinye ta ranar da jirgi ya tashi. Haka kuma kowace tasha da dokarta a kan fasfo irin namu, kuma abin da aka sauƙaƙa wa Balaraben Jidda ko Bature ba lalle ne an sauƙaƙa mana ba. Kada ka biya ko dala sai kamfani ya ba ka amsa a rubuce cewa da fasfon Cadi, ko na Nijar, ko na Nijeriya, za ka hau kuma za ka sauka. Matambayi ba ya ɓata. Ka tambayi hanya ma, don tun ƙarshen 2023 da aka fara kai wa jirage hari ta wajen gaɓar Yaman kamfanoni da dama suka sauya tsarinsu a Bahar Maliya.

Ka isa Jidda ana gobe tafiya, kada ka yarda ya zama ranar. Jirgin sama ta Addis Ababa ko Alƙahira yana iya jinkiri, na ruwa kuwa yana rufe ƙofa tun da sauran lokaci kafin tashi. Wannan kwana ɗayan ba asara ba ne. Mu a tsohon gari muka yi shi, wanda suke kira Balad, mai dogayen gidajen dutsen teku da tagogin katako, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Sai dai kada ka dogara da tsohon kwatancen gidan ɗan'uwa. Unguwannin da mutanenmu suka daɗe a ciki, irin su Karantina da Sabil, rusau ya bi ta kansu tsakanin 2021 da 2022, jama'a sun watse. Ka karɓi lambar waya tun daga gida.

A tashar jirgi za a karɓe manyan akwatuna, ba za ka sake ganinsu ba sai can da yamma a ƙofar ɗakinka. Don haka fasfo da kuɗi da magani, musamman na hawan jini da na sukari, su zauna a jakar hannu. Za a haska kaya a na'ura, kuma duk abin da ke yin wuta ko zafi za a riƙe shi: dutsen guga, butar lantarki, kyandir, gawayi. A nan ne Hajiyar da ke cikinmu ta ji ba daɗi, don ta zo da kaskonta da turaren wuta mai kyau na Injamena. Ta ce da ɗanta, "Kai Malam, yanzu kwana da kwanaki zan yi a ɗaki ba hayaƙi?" Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, a kan ruwa ba abin da suke tsoro kamar gobara. Kowane ɗaki akwai na'urar da ke jin hayaƙi." Humra ta fid da ita.

Kafin jirgi ya ɗaga za a kira kowa ya san wurin da zai tsaya in an shiga haɗari, a nuna masa yadda ake ɗaura rigar ceto. Mun ga masu ƙunƙuni, wai ɓata lokaci ne. Ba ɓata lokaci ba ne. A wannan tekun, a watan Fabrairun 2006, jirgin Al-Salam Boccaccio 98 ya nutse tsakanin Duba da Safaga bayan gobara ta tashi a cikinsa, mutum sama da 1,000 suka rasu. A Janairun 2012 kuma Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka mutu, alhali akwai fasinjojin da ba a riga an yi musu wannan horo ba. Bayan haka ne aka tsaurara doka. Ka je ka tsaya, ka ƙirga ƙofofi daga ɗakinka zuwa matakala, sauran kuma na Allah ne.

Yanzu sai maganar ciki. Akwai babban zaure inda ake jera abinci kowa ya ɗiba, akwai kuma inda za ka zauna a kawo maka kashi kashi. Mu da muka saba da tuwo guda da miya guda, ranar farko ido ya ci mu. Wani ɗan'uwanmu ya haɗa shinkafa da kifi da kek da kankana a faranti ɗaya, daren nan kuma iska ta taso, jiki magayi. Ka ɗibi kaɗan, ba wanda zai hana ka komawa. In jiri da tashin zuciya sun kama ka, kada ka kwanta a rufaffen ɗaki. Ka fita sarari ka kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, ka tauna citta, ka ci busasshen burodi. Ɗakin da ke tsakiyar jirgi kuma ƙasa ƙasa ya fi rashin girgiza, ga shi sau da yawa ya fi na sama araha. Akwai likita, amma aikinsa na kuɗi ne.

Ba duk jirage ne ɗaya ba wajen halal. Wasu ba giya ba naman alade sam, wasu kuwa sai ka tambayi mai dafawa, don akan sa giya a miya ko a kayan zaƙi ba ka sani ba. Ka tambaya tun wajen sayen tikiti. Larabcinmu na Cadi yana ɗan aiki, Faransanci kuwa sai an dace, don yawancin ma'aikata Turancin Ingilishi suke yi. Cin abinci da hannu ba wanda ya hana mu, amma mu wanke da sabulu sosai, kuma mu ɗiba da cokalin da aka ajiye, don ciwon gudawa in ya shiga jirgi yana bin mutane kamar wutar daji. Mu dai yaji muka tafi da shi a ƙaramar kwalba, shi ya gyara mana komai. Shayinsu kuwa, Allah Ya ba su lada, ruwan zafi ne mai launi.

Katin da aka ba ka shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidarka a ƙofar jirgi, shi ne kuma aljihunka. Ba a miƙa kuɗi a hannu, kati kawai ake dangwalawa, shi ya sa mutum ba ya jin zafin fitar su. Lemon kwalba, hoto, wasu gidajen abinci na musamman, da ladan ma'aikata da wasu kamfanoni ke ƙarawa kowace rana, duk suna taruwa su jira ka daren ƙarshe. Ka tambayi abin da tikitinka ya ƙunsa, ka duba lissafinka kullum, ka juya shi zuwa sefa a ranka. Kada ka ba yara katin. Wayarka kuma ka kashe mata intanet in an yi nisa da gaɓa, don ta tauraron ɗan'adam take bi, tsadarta ba a magana.

Salla ta ba mu mamaki. Tun muna yara gabas muke fuskanta, amma da muka yi arewa muka wuce Makka, sai alƙibla ta koma kudu, a Akaba kudu maso gabas. Ga jirgi yana juyawa. Sai mu duba talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda jirgi ya dosa, mu haɗa da kamfas. Mai niyyar wata Umra a dawowa ya tuna jirgin zai bi daura da Rabig, kusa da miƙatin Juhfa. Ya tambayi malaminsa tun a gida.

Sauka a tasha shi ne daɗin tafiyar, shi ne kuma tarkonta. Daga Akaba zuwa Petra, birnin nan da aka sassaƙa cikin jan dutse, tafiyar kamar awa biyu ce a mota, sannan ka taka da ƙafa ta wani tsagin dutse mai tsawon fiye da kilomita guda. Dattijai su auna ƙarfinsu. Tafiya mai nisa irin wannan, ka bi motar da jirgi ya shirya ko da ta fi tsada, don in ita ta makara jirgi zai jira ta. In tasi ka ɗauka da kanka ta lalace a hanya, kai ka jiyo. Kada ka fita da 'ya'yan itace ko nama daga jirgi, yawancin tashoshi sun hana. Ka riƙe takardar ranar, akwai lambar wakilin jirgi na wannan gari a jiki.

A Sharm el-Sheikh ne muka kusa ganin ta kanmu. Cikin hunturu agogon Masar yana bayan na Saudiyya da awa guda. An sanar cewa jirgi na nan kan agogonsa, kowa ya dawo kafin ƙarfe biyar. Muka shiga tsohuwar kasuwa, Baba Alhaji ya zauna cinikin darduma, kun san shi da ciniki. Ashe wayoyinmu duk sun juya da kansu zuwa lokacin Masar. Muna ganin uku da rabi, muna cewa akwai sauran rana. Sai ɗan autanmu, wanda ke ɗaure da tsohon agogon hannu na mahaifinsa, ya ce, "Baba, ni fa nawa huɗu da rabi ya nuna." Baba Alhaji ya ce, "Agogon naka ya tsufa, yaro." Mai kanti ya duba, ya gane mu mutanen jirgi ne, ya tashi da kansa ya tsayar mana da tasi.

A cikin motar nan ba mai magana sai salati. Kowa na lissafi a ransa: in jirgi ya tafi, sai mu nemi hanyar Jidda da kuɗinmu, a ƙasar da izinin wuni ɗaya muka shigo da shi, ga magungunan Hajiya a ɗaki. Muka iso ana shirin janye matakala, mutane a sama suna leƙo mu, wasu har da tafi. Ma'aikacin ƙofa ya dangwala katunanmu ɗaya bayan ɗaya bai ce uffan ba. Dardumar tana can, ba a gama cinikinta ba.

Daren ƙarshe muka fita bayan jirgi muka zauna. Ba a ganin komai sai farin kumfa da taurari. Hajiya ta nuna mana yamma, ta ce can wani wuri gaɓar Sudan take. Ta ce kakanta ya bar Kano da matarsa da jaki biyu, ya shekara bakwai yana ɗinkin hula a hanya, ya rasu a Abeshe bai ga ruwan nan ba. Ta ce mu yi masa fatiha, muka yi. Da asuba fitilun Jidda suka bayyana, muka shiga layin karɓar akwatuna.