Wace Ce Takardar Gaskiya? Zaɓin Wani Magatakarda a Ghuddwa

Kalmar takarda baƙuwa ce a bakin Bahaushe. Masana harshe sun nuna cewa daga wurin Buzaye aka aro ta, ta ratso Sahara tare da abin da take nufi. Yawancin takardar da malaman Kano da Katsina da Barno suka yi rubutu a kanta a ƙarni na 19 daga Italiya take zuwa, mai ɗauke da tambarin jinjirin wata uku. A Tarabulus ake sauke ta, a ɗora wa raƙuma, ayari ya yi kudu da ita. Ghuddwa, ƙaramin garin dabino da ke kudu da Sabha a kan hanyar Murzuk, yana bakin ɗaya daga cikin hanyoyin nan na Fezzan. Fatake kuwa ba farar takarda kaɗai suke ɗauka ba, har da wasiƙun ciniki da daftarin bashi, domin attajirin da ke Kano ba shi da wata hanyar sanin abin da wakilinsa ya ƙulla a arewa sai abin da aka rubuta.

A garin nan ne wani ɗan Damagaram yake riƙe wa wasu 'yan kasuwa uku lissafi. Sun haɗa jari, suna tura dabino da taliya da man girki zuwa Agadas ta Dirku. Takardunsu harshe uku ne: Larabci domin abokan ciniki na Libiya, Faransanci domin duwan ɗin Nijar, Hausa kuma tsakaninsu. Duk a kwamfuta yake tsara su, ya tura ta waya, kowa ya gyara abin da ya ga ya kamata ya maido masa. Sannu a hankali yarjejeniya guda ta haifi 'ya'ya: akwai mai suna "ta ƙarshe", akwai "ta ƙarshe gyararriya", akwai kuma wadda ba ta da suna sai kwanan wata.

Ranar da aka zauna rabon riba, sai takardu biyu suka fito game da kaya guda. Ɗaya ta ce buhu 120, ɗaya ta ce 140. Babu wanda aka kama da ha'inci, amma babu kuma mai iya nuna wadda ta riga wata, ko hannun da ya sauya adadin. Dattijon cikinsu ya dubi magatakardan ya ce, "Malam, mu ba mu zarge ka ba, amma takardar da ba ta iya raba gardama mene ne amfaninta?" Ya amsa da cewa, "Gaskiya ne, Alhaji, a ba ni lokaci." Aka raba asarar uku, aka tashi, zukata dai ba su kwanta ba. Mutanen da suka tashi da sanin cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, ba sa ɗaukar irin wannan da wasa.

Da ya shiga neman mafita, bai fara da tambayar wace manhaja ta fi kyau ba. Tambayoyi uku ya ajiye a gabansa. Idan aka sauya takarda, za a san wanda ya sauya da lokacin da ya sauya, a kuma iya dawo da tsohuwar siga? A hannun wa asalin yake kwana? Bayan shekara goma, za a iya buɗe ta ba tare da neman izinin kowa ba?

Tambaya ta biyu ce ta fi nauyi a Fezzan. Wutar lantarki tana ɗaukewa na sa'o'i masu yawa, layin sadarwa yana yankewa, kuma mutane ba su manta yadda aka katse intanet a Libiya a watan Maris na 2011 ba. Rumbun ajiya na wani kamfani da ke ƙetaren teku yana da daɗin aiki, sai dai yana buƙatar intanet kullum da kuma biyan kuɗin wata da katin banki. Ranar da ɗayan biyun ya gagara, mai takarda ya zama baƙo a ƙofar dukiyarsa. Wannan ne ya karkata shi ga buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda aka bayyana rubutun da aka gina ta da shi, aka kuma ba kowa damar amfani da ita, da nazarinta, da gyara ta, da rarraba ta. Richard Stallman ne ya kafa harsashin wannan tafiya da shirin GNU a 1983, lasisin GPL kuma ya fito a 1989.

Git ya fara gwadawa, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Wajen riƙe tarihi da wuya a sami kamarsa: kowane sauyi yana ɗauke da suna da lokaci da dalili, kuma kowace kwamfuta tana riƙe da cikakken tarihin ko babu intanet. Amma domin masu rubuta manhaja aka yi shi. A tsurar rubutu yana nuna layin da aka taɓa. A takardar ofis mai jadawali da hatimi kuwa, iyakarsa ya ce ta sauya. Ga shi kuma ba abin da za a miƙa wa dattijon da waya kaɗai ya saba da ita ba ne. Subversion, wanda aka fara a 2000, yana da dabarar kulle takarda har mai gyara ya gama, amma shi ma sai mai haƙurin koyo. Manyan manhajojin adana takardu irin su Alfresco sun fi ƙarfin shago mai ma'aikaci ɗaya. Ba a sayen raƙumi domin ɗaukar kwando.

A kan Nextcloud ya tsaya, wadda Frank Karlitschek ya kafa a Jamus a 2016. Ya ɗora ta a wata ƙaramar kwamfuta a cikin shagon, ya haɗa ta da batir da farantin hasken rana. Kowane abokin jari ya sami sunansa da kalmar sirrinsa, duk gyaran da aka yi kuma tsohuwar sigar tana nan a ajiye. Ya lura da wani hali nata da ya kamata mai ciniki ya sani: tana rage tsofaffin sigogi da kanta idan sun daɗe ko wuri ya ƙure. Saboda haka ya gyara ƙa'idar ajiyar, bai bar ta yadda ta zo ba.

Tambaya ta uku kuwa ba manhaja ce ke amsa ta ba, tsarin fayil ne. Da LibreOffice yake rubutu, wadda ta fito a 2010, yana ajiyewa a tsarin ODF da hukumar ISO ta amince da shi a 2006, wanda kowa ke da ikon gina manhajar da za ta karanta shi. A nan Larabci yana tafiya daga dama zuwa hagu yadda ya dace, haruffan Hausa masu ƙugiya kuma ba sa rikiɗewa, abin da ba ƙarami ba ne ga wanda ya san tazarar da ke tsakanin baki da baƙi. Duk yarjejeniyar da aka kammala sai ya mayar da ita PDF/A, tsarin da aka tanada domin doguwar ajiya, a buga a sa hannu, a ɗauki hotonta a ajiye kusa da ita. Ita ce asali. Sauran duk zayyana ce.

Abokan jarin sun yi murna da jin cewa manhajar kyauta ce, shi kuwa bai bar su a kan wannan fahimta ba. Kuɗin lasisi ne babu, ɗawainiya tana nan. Sai an sabunta ta, sai an kare kwamfutar daga ƙura da zafi, sai an kwafe komai duk mako a wani faifai da ke kwana a wani gida daban, domin rumbu ɗaya gobara ɗaya ta ishe shi.

Akwai kuma haɗarin da ya fi waɗannan kusa, wato shi kansa. Idan shi kaɗai ya san yadda abin ke aiki, an kuɓuta daga dogaro da kamfani an faɗa dogaro da mutum guda, baƙo kuma, wanda wata rana zai koma gida. Don haka ya rubuta matakan aikin ɗaya bayan ɗaya da Hausa da Larabci, ya damƙa kalmar sirrin mai kula da rumbun ga biyu daga cikin iyayen gidansa a rufaffiyar ambulan, ya kuma zaunar da ɗan ɗayansu yana koya masa. Duk ƙarshen wata yaron ne ke ɗauko faifan ajiya, ya dawo da wata tsohuwar takarda a gaban kowa, a gwada ta da wadda aka sa wa hannu.