Ranar da kwamfuta ta cinye wutsiyar "baƙi"

Kakata ta rasu cikin daminar bara, a ƙauyenmu da ke gabas da Tasawa. Wata uku kafin nan na kwana goma a wurinta ina tattara tsofaffin kalmomi don aikin kammala karatuna: sunayen ƙwarya da na kayan saƙa, da kalmomin sussuka da ƴan birni suka manta. Ni ina dannawa a salula, ita tana yi mini dariya. "Maigida, mi kaka yi da maganar tsohuwa? Sai da ta zaka yi?" Kalma 430 na samu, kowace da ma'anarta da jimlar da ta faɗe ta a ciki.

Wani abokina mai karatun kwamfuta ne ya haɗa mini ƴar manhajar. Ya ɗauko wani kundin lambobi na kyauta a intanet, wanda aikinsa shi ne ƙunshe bayanai. Kai za ka rubuta tsarinka: ga gurbin kalma, ga na ma'ana, ga na gari. Shi kuma ya haifo maka lambobin da za su jera bayanan cikin fayil, su kuma kwance su idan an tashi karantawa.

Bayan sadakar arba'in na koma Yamai na buɗe fayil ɗin. Kalmomi goma sha ɗaya na farko lafiya lau. Ta sha biyu ita ce "baƙi", sai na ga "baƙ". Daga nan har ƙasa shirme ne, alamomi barkatai kamar kaza ta bi ta kan tawada. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ba ni da kwafi a takarda, kuma wadda zan koma in tambaya tana ƙarƙashin ƙasa.

Abokina ya ce abin mai sauƙi ne, nan gaba in riƙa rubuta k a maimakon ƙ. Na ce masa a'a. Shekara uku ana koya mini cewa baki daban, baƙi daban, kasa daban, ƙasa daban, lanƙwasar nan ita ce ma'anar. Ban da haka, shawararsa ba za ta dawo da abin da ya lalace ba.

Dare uku muka yi muna bin sawu, kuran na ɗaukewa yana dawowa. A nan na koyi abin da ba a faɗa mana a aji ba. Tsohon tsarin ASCII gurbi 128 ne kawai gare shi, babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a ciki. A tsarin UTF-8 da ake aiki da shi yau, harafin Ingilishi bayit ɗaya yake ci, amma kowane harafinmu mai lanƙwasa biyu yake ci. To, lambobin da aka haifo mana sukan rubuta tsawon kalma kafin kalmar kanta. Wajen rubutawa haruffa suke ƙirgawa, wajen karantawa kuma bayit. "Baƙi" harafi 4 ne, bayit 5. Mai karatu ya ɗebi huɗu ya tsaya, ya ɗauki "i" da ya rage a matsayin tsawon abin da ke biye. Lambar "i" kuwa 105 ce. Sai ya haɗiye bayit 105 a lomar da ba tasa ba, komai ya goce.

Da na gane haka sai na tambaye shi: ke nan babu abin da ya ɓata, ƙirgar ce kawai ta karkace? Ya yi shiru, sannan ya buga tebur. Muka rubuta ɗan mai karatu na musamman wanda ke ƙirga haruffa yadda aka rubuta su. Kafin kiran assalatu kalma 430 suka fito cif. Na karanta jimlar kaka ta ƙarshe, na fita waje don kada ya ga idona.

Saura gyara na gaba. Abokina ya gyara layin a cikin lambobin da aka haifo, muka yi murna. Bayan kwana biyu na ƙara gurbin karin sauti, aka sake haifo lambobin, kuskuren ya dawo daram. Ashe bulo muke ta gogewa, alhali abin buga bulon ne a karkace. Muka shiga cikin injin haifar lambobin, muka sami layin da ke cewa a ƙirga haruffa, muka mai da shi ƙirgar bayit. Muka ƙara gwaji: a ƙunshe kalma, a kwance ta, a gwada da ta asali. Ni na zaɓi kalmar gwajin, "ƴaƴa", harafi 4 bayit 6, da ƴ ɗinmu na Nijar wanda a Najeriya ake rubutawa 'y.

Muka aika wa mai kundin gyaran da Ingilishinmu mai ɗingishi. Bayan mako guda ya karɓa, ya ce duk gwaje-gwajensa da kalmomin Ingilishi ya yi su. Ban ga laifinsa ba sosai. Wanda bai taɓa jin ƙ ba, ta ina zai san ana yanke mata wutsiya?

Ƴan uwa ɗalibai, duk manhajar da za ku zuba aikinku a ciki, ku fara ba ta "ƴaƴa" da "ɓarawo" ku ga ko za ta dawo muku da su lafiya. Kuma ku riƙe littafi da biro. Ni yanzu kalmomin kaka suna wuri uku, ɗaya a cikin akwatin innata.